Luguden da Ake Saurare Daga Ƙarshen Sama

Duk wanda ya ratsa lungunan Kilomita Biyar a Bangui da hantsi ya san amon turmi ta bayan katanga, ana dakan rogon gozo. Ba ka ga kowa ba, amma kunnenka ya gaya maka: nan taɓarya ɗaya ce, can kuwa lugude ne, mata biyu na karɓa-karɓa. To, da irin wannan kunne masana taurari ke farautar manyan baƙaƙen ramuka masu zaman biyu-biyu.

Kusan kowane babban garken taurari yana da baƙin rami a cibiyarsa, mai nauyin rana miliyoyi, wani ma biliyoyi. In yana haɗiyar iskar gas, sai ta yi zafi, haskenta ya danne na taurarin garken kaf. Wannan hasken ake kira kuwasa, kuma a 1963 Maarten Schmidt ya fara auna nisan guda, 3C 273. Garke biyu kan haɗu, ramukansu su gangara tsakiya suna kewaya juna: turmi ɗaya, taɓarya biyu. Saboda nisa, na'urar hange ba ta cika raba su ba. Sai dai a ƙirga bugu: haske ya tashi, ya sauka, ya sake tashi a kan kari.

Cikin kuwasa masu irin wannan bugu, OJ 287 ce ta fi suna. Akwai hotunanta tun ƙarni na 19, kuma kusan duk shekara 12 takan yi walƙiya sau biyu. Masanan Turku a ƙasar Finlan suka ce ƙaramin rami ne ke huda faifan gas na babban, shiga da fita. Sun sanar da wata walƙiya tun kafin lokacinta, ta kuwa zo a ƙarshen Yulin 2019. Akwai kuma PG 1302-102, da aka bayyana a 2015, mai bugun shekara biyar da 'yan kai.

A nan nake ganin hattara ta zama dole. Mace ɗaya ma in ta yi sauri, sai ka rantse biyu ne. Haka kuwasa mai rami ɗaya, haskenta kan yi rawa, bugu uku su ruɗi mai gaggawa. Dakan da ake jiran shekaru tsakanin bugu da bugu kuwa, dogon saurare yake so. Wannan aikin ne ake sa ran cibiyar hangen taurari ta Vera Rubin da ke Chile za ta sauƙaƙa: shekara goma za ta yi tana ɗaukar sararin kudu duk bayan 'yan kwanaki, kuma hotunanta na farko sun fito a Yunin 2025.