Mahaɗar Kafofin Kwamfuta: Abin da Mai Saye a Gurugu Zai Fara Dubawa

Unguwar Gurugu, wadda ke cikin ƙaramar hukumar Sagnarigu da aka yanko daga Tamale ta ƙasar Gana a shekarar 2012, ba ta da nisa da yankin da manyan makarantun birnin suka taru, irin su Jami'ar Fasaha ta Tamale da Kwalejin Horar da Malamai ta Bagabaga, shi ya sa ba a rasa ɗalibai da malamai da masu shagunan buga takardu a cikinta. Kwamfutocin tafi-da-gidanka da ke hannun waɗannan mutane iri biyu ne: akwai tsofaffi masu kauri, waɗanda akasarinsu na hannu ne, akwai kuma sababbi sirara da ba su da kafa sai ɗaya ko biyu. Kafa a nan ita ce ramin da ake soka waya ko filash a gefen kwamfuta. Ƙarancin waɗannan kafofi ne ya buɗe kasuwar mahaɗa, wato ƙaramar na'urar da ake sokawa a kafa ɗaya ta fito da shida ko takwas.

Raguwar kafofin ba haka kawai ta faru ba. An fitar da tsarin USB-C a 2014, a shekarar da ta biyo baya kamfanin Apple ya fito da MacBook mai irin wannan kafa guda ɗaya tak domin caji da bayanai da hoto, sauran kamfanoni kuma suka bi sahu saboda neman siranta. Sai dai kayan da ke cikin ajujuwa da ofisoshi ba su canza da wannan sauri ba. Majigin da ke rataye a ɗakin lacca, da firintar shagon bakin titi, da filash ɗin da ake miƙa wa mai buga kundin kammala karatu, duk suna neman tsofaffin kafofi ne.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne a ɗauka cewa duk kafar da ke da siffar USB-C aikinta ɗaya. Siffar kawai ta zo ɗaya, amma abin da aka shimfiɗa a bayanta ya danganta da wanda ya ƙera kwamfutar: wata tana ɗaukar bayanai kaɗai, wata tana karɓar caji, wata kuma tana fitar da hoto ta hanyar da ake kira DisplayPort, wato tsarin da ke karkatar da wasu layukan kafar su riƙa ɗaukar hoto maimakon bayanai. Mahaɗa ba ta ƙirƙirar abin da kwamfuta ba ta aiko mata ba. Idan kafar ba ta fitar da hoto, to ramin HDMI da ke jikin mahaɗar galibi ado ne kurum, kuma mai shago ba shi da laifi a nan. Ana gane kafar da ta dace da ƙaramin tambari a gefenta, ko harafin D ko zanen walƙiya wanda ke nuna Thunderbolt. In babu tambari, sai a nemi lambar samfurin kwamfutar da ke rubuce a ƙarƙashinta a bincika a shafin kamfanin kafin a fitar da ko sidi ɗaya, wato kuɗin Gana.

Yawan ramuka ma yana ruɗin mai saye. Duk abin da aka jona yana bi ne ta kafa ɗaya, tamkar bututun ruwa guda da aka kafa wa famfo bakwai: in an buɗe su gaba ɗaya, kowanne sai ya riƙa tsiyaya. USB 2.0 na shekarar 2000 yana ɗaukar megabit 480 a daƙiƙa, shi kuwa USB 3.0 na 2008 yana kai gigabit 5, kimanin ninki goma ke nan, amma mahaɗu masu araha sukan sa rami ɗaya mai sauri su cike sauran da tsohon tsari. Shuɗin launi a cikin ramin alama ce, sai dai ba hujja ba ce. Wanda ya haska fitilar waya a ciki zai ga 'yan ƙarafa tara a mai sauri, huɗu kacal a tsohon.

Batun wuta ne ya fi cancantar tsayawa a kai, domin a nan yanayin Tamale ya bambanta da na ƙasashen da ake rubuta tallan waɗannan kaya dominsu. Tsohuwar kafar USB 3.0 tana bayar da wat 4.5 ne kawai, kuma babbar ma'ajiyar bayanai ta waje mai faifai a ciki tana iya shanye kusan duka ita kaɗai. In aka ƙara waya tana caji a mahaɗa guda, sai a ji ma'ajiyar tana ƙas-ƙas, tana ɓacewa daga allo tana dawowa. Maganin da kamfanoni suka kawo shi ne mahaɗar da ake soka mata caja, ta ɗauki rabonta, sau da yawa wat 10 zuwa 15, ta miƙa saura ga kwamfuta. Ma'anar wannan ita ce cajar wat 45 da ke isar kwamfuta a da ba lallai ta ishe ta ba bayan an ratsa da ita ta mahaɗa, kuma wayar USB-C ta gama-gari ba ta wuce wat 60 sai in an ƙera ta domin hakan. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne halin da ake shiga in an ɗauke wuta, wanda ba baƙon abu ba ne ga duk wanda ya ga shekarun dumsor, wato na yawan ɗauke wuta, a Gana. Kwamfuta tana komawa kan batirinta ba tare da ta ƙifta ba, amma wasu mahaɗun sukan mutu na ɗan lokaci kafin su juya su fara shan wuta daga kwamfutar, kuma wannan 'yar tazara ta isa ta lalata fayil ɗin da ake cikin kwafa. Saboda haka, in kwamfutar tana da ramin cajinta daban, ya fi aminci a bar caja a wurinta, a bar mahaɗa da aikin bayanai.

Zafi da ƙura su ma suna da nasu rabon. A watan Maris zafin Tamale kan kusanci digiri 40, mahaɗar da ke sarrafa hoto kuma tana ɗumi da kanta, don haka mai gangar jikin alminiyon ta fi ta roba fitar da zafi, ko da yake ta fi ƙona hannu. Ƙurar hunturu kuwa tana cika ramukan da ba a amfani da su, wanda hakan wani dalili ne na ƙin sayen ramin da ba a buƙata.

Gaskiyar magana, da yawa daga masu neman mahaɗa adafta ce kawai suke buƙata, wato na'ura mai aiki ɗaya da ke juya wata kafa zuwa wata. Malamin da matsalarsa ita ce tsohon majigi mai VGA, wannan shuɗin rami mai 'yan huda 15 da kamfanin IBM ya fito da shi tun 1987, ƙaramar adafta ta ishe shi, kuma ta fi wuyar lalacewa. Abu biyu ne zai kiyaye: VGA ba ta ɗaukar sauti, sai an nemi lasifika daban, sannan adaftar da ke juya HDMI zuwa VGA ba ta aiki a akasin haka, alhali a kan teburin mai shago su biyun sun yi kama. Ganin cewa ba kowane shago ne ke karɓar kaya bayan an fita da su ba, ya kamata a tafi kasuwa da kwamfutar da cajarta, a jona allo da filash da linzami lokaci guda, a fara kwafar babban fayil, sannan a zare cajar daga bango da gangan a ga ko kwafar za ta ci gaba.