LA COMBATTANTE: JIRGIN ARON DA YA MAIDA JANAR DE GAULLE GIDA

Mutumin Damargu ya san aron raƙumi. A Tanut ko Belbeji, wanda nasa ya faɗi yakan ari na maƙwabci don kada ayari ya bar shi. Haka ya faru ga Faransa a Yaƙin Duniya na Biyu, sai dai abin da aka ara jirgin ruwan yaƙi ne.

A shekarar 1940 Jamus ta ci Faransa. Janar De Gaulle ya ƙi saranda, ya tsallaka Ingila, amma yawancin jiragen ruwan ƙasarsa suna hannun gwamnatin Vichy. Ita ce kuma ke mulkin Nijar har zuwa watan Nuwamba na 1942. A cikin watan nan, ranar 27, sojojin ruwan Faransa suka nutsar da jiragensu da hannunsu a tashar Toulon don kada Jamusawa su kama su.

Ana cikin wannan rashi Ingilishi suka ƙare ƙirar wani jirgi a Glasgow mai suna Haldon. Tsawonsa wajen mita 85, irin ƙananan nan masu sauri da ke rakiyar manyan jirage, suna farautar masu tafiya ƙarƙashin ruwa. A watan Disamba na 1942 suka miƙa shi ga mutanen De Gaulle, aka sake masa suna La Combattante, wato mayaƙiya.

Hausawa na cewa zanen aro ba ya rufe katara; wannan kam ya rufe. Ranar 6 ga Yuni 1944 jirgin ya matso gaɓar Courseulles, a Normandi, yana luguden wuta kan Jamusawa yayin da sojojin Kanada ke sauka. Ranar 14 ga watan, shi ya ɗauko De Gaulle zuwa wannan gaɓa bayan shekara huɗu na gudun hijira. Tafiyar ba ta ganin gida ba ce kawai: Amurka na da niyyar sa sojoji su riƙe ƙasar da aka ƙwato. Janar ya shiga garin Bayeux, jama'a suka tarbe shi, ya bar wakilinsa Bafaranshe kan mulki.

Ingilishi ba su sake karɓar kayansu ba. Daren 23 ga Fabrairu 1945, kusa da gaɓar gabashin Ingila, jirgin ya taka nakiya, ya rabe biyu, ya nutse da mutum 68. Saura wata biyu da rabi yaƙi ya ƙare a Turai.