Hatimin Lissafi da Sa Hannun Shari'a

Manomin da ya dangwala babban yatsansa a takardar sayar da gona, a gaban mai unguwa da shaidu, ya ɗaure kansa ɗaurin da alƙali zai karɓa. Ita kuwa wayar da ke aljihunka, kafin ta yarda da sabuwar manhaja sai ta duba wani sa hannu na lissafi da ke jikin manhajar, alhali babu wanda ya ɗauki wa wani alkawari. Duka biyun sa hannu ake kiransu, amma kama da wane ba ta wane.

Na lissafin ɗan bana ne. A 1976 Whitfield Diffie da Martin Hellman suka kawo dabarar makullai biyu, a 1977 kuma Rivest da Shamir da Adleman suka fito da hanyar RSA da ta sa dabarar ta yi aiki. Makulli ɗaya na sirri ne, da shi mai shi yake buga hatimi a takarda. Ɗayan na fili ne, kowa na iya tantance hatimin da shi. Ko ɗigo guda aka sauya a takardar, hatimin ba zai dace ba. Abu biyu ke nan yake tabbatarwa: wane makulli aka yi amfani da shi, da kuma cewa rubutun bai canza ba. Bai san hannun da ke riƙe da makullin ba. Ko mai shi ne, ko ɓarawo ne, ko mutumin da aka ɗora wa wuƙa a wuya, lissafin zai fito daidai.

Shari'a kuwa mutum take nema. Tana tambaya: shi ne ya sa hannun? Ya fahimci abin da ke ciki? Yana cikin hankalinsa, ya kuma kai shekarun ƙulla yarjejeniya? Da yardarsa ya yi? Idan niyya ta tabbata, siffar alamar ba ta dame ta sosai ba. Dokar ESIGN ta Amurka ta 2000 ta hana a soke yarjejeniya don kawai an sa mata hannu ta na'ura, ko da suna ne aka buga a ƙarshen saƙo. Dokar Shaida ta Najeriya ta 2011 ma ta amince da irin wannan sa hannu, sai dai dokar laifukan intanet ta 2015 ta ware wasiyya da lamuran aure da saki daga ciki.

Akwai inda lissafi da shari'a suke haɗuwa. Dokar eIDAS ta Tarayyar Turai ta 2014 ta daidaita hatimin lissafi da sa hannun alƙalami, amma bisa sharaɗin wata amintacciyar hukuma ta tantance mutumin kafin ta ba shi shaidar makullinsa. Ashe ko a nan, sai da aka kira mutum ya tsaya wa lissafi shaida. A 2017 da aka gano rauni a makullan katin ɗan ƙasa na Istoniya, gwamnati ce ta dakatar da shaidar dubban ɗaruruwan katuna har aka sabunta su.

Wannan bambanci ya shafe mu, tunda ciniki da bashi sun koma cikin waya. Hatimin lissafi hujja ce mai ƙarfi, ta fi tawada wuyar jabu. Amma wanda zai rabu da gonarsa ko gidansa, a karanta masa takardar da harshen da yake ji, a gaban mutanen da za su iya tsayawa gaban alƙali su ce da yardarsa ya yi.