Illar Yi Wa Jama'a Kuɗin Goro

Sau da yawa akan ji mutane suna cewa 'yan ƙabila kaza ba su da kan karatu, ko kuwa mata ba su iya lissafi ba. Mai faɗa yakan ɗauka raha ce kurum, amma fa wanda aka faɗa wa, da ita yake shiga ɗakin jarrabawa.

A wani bincike da aka buga a shekarar 1995, waɗansu masana biyu a Jami'ar Stanford ta ƙasar Amurka, watau Claude Steele da Joshua Aronson, sun ba ɗalibai baƙar fata da Turawa jarrabawa iri ɗaya mai wuya. Kashi guda aka ce musu basirarsu za a auna, ɗaya kashin kuwa aka ce aikin bincike ne kawai. A kashin farko Turawa suka yi wa baƙar fata fintinkau, amma a na biyu tazarar ta ragu ƙwarai.

Bayanin masanan shi ne, ɗalibin da ya san abin da ake faɗa game da jama'arsa, hankalinsa yakan rabu biyu: rabi wajen tambaya, rabi wajen tsoron kada ya gaskata zancen mutane.

Haka kuma a jihar Uttar Pradesh ta ƙasar Indiya, inda ake fifita wani dangi bisa wani tun daga haihuwa, an gwada yara maza da wasan wasa ƙwaƙwalwa, Bankin Duniya ya buga sakamakon a 2004. Da ba a ambaci asalin kowa ba, sai suka yi kunnen doki. Da aka kira sunan kowane yaro haɗe da danginsa a bainar jama'a, nan take ƙoƙarin 'ya'yan dangin da ake rainawa ya yi ƙasa.

Sai dai ba ko'ina abin yake fitowa haka ba. Wani bincike da aka buga a 2018, kan ɗaliban sakandare fiye da 2,000 a ƙasar Holan, bai ga wannan illa ga 'yan mata wajen lissafi ba. Watau dai mugun zato yana iya karya gwiwa, amma ba ƙaddara ba ce.

Saboda haka ya kamata iyaye da malamai su kula da bakinsu. In yaro ya faɗi jarrabawa, a nuna masa inda ya kuskure, kada a ce halin gidansu ne ko na ƙabilarsu. Magana zarar bunu ce, in ta fita ba ta komawa.