Gida Mai Tsimin Makamashi a Gangaren Dutse

A tsaunukan Alps na Suwizalan da Ostiriya, magina kan ɗora gida hawa-hawa bisa gangare. Bayan gidan yana shigewa cikin ƙasa, domin ɗumin ƙasa bai cika sauyawa ba, bazara ko hunturu. Gaban kuwa kudu yake fuskanta, da tagogi masu gilashi ruɓi uku, don rana ta ɗumama ɗakuna kyauta.

Ma'aunin gida mai tsimin makamashi da ake kira Passivhaus, wanda aka fara gwadawa a Darmstadt ta Jamus a 1991, ya taƙaita ɗumama gida ga kilowat-awa 15 kan kowane murabba'in mita a shekara.

Ga gidan da ke gangare, ruwa ne dai babbar matsala. In babu magudana a bayan bango, danshi zai ɓata aikin duka.