Sakan 39 da Felipe Massa ya yi yana zakaran duniya

 Yau Birazil za mu leƙa, filin tsere na Interlagos da ke birnin Sao Paulo, ranar 2 ga Nuwamba 2008. Tseren ƙarshe ne na kakar Formula 1 ta shekarar, kuma ni dai a ganina akwai mutum ɗaya da aka zalunta a labarin nan. Za mu zo kansa.

Ga lissafin tukuna. Lewis Hamilton na McLaren ya zo da maki 94, Felipe Massa na Ferrari yana da 87. A lokacin, wanda ya zo na ɗaya maki 10 yake samu, na biyar 4, na shida 3. Ke nan idan Massa ya ci tseren ya kai 97. Hamilton in ya zo na biyar yana da 98, kofi nasa ne. In ko ya faɗo na shida, sun yi kunnen doki a 97, sai a duba wanda ya fi cin tsere a shekarar, Massa shida, Hamilton biyar. Kun ga matsayi ɗaya tak ake faɗa a kai. Kuma a wannan filin ne Hamilton ya rasa kofin 2007 da maki ɗaya.

Massa ya yi nasa aikin, a gida, gaban mutanensa. Shi ya tashi a gaba, shi ya gama a gaba.

Zagaye 71 ake yi. Ana saura kaɗan sai ruwan sama ya sauko. Manyan direbobin suka shiga aka sa masu tayoyin ruwa, masu zurfin zane da ke watsar da ruwa gefe. Timo Glock na Toyota bai shiga ba, ya ci gaba da tayar busasshiyar hanya, sai ya tsinci kansa gaban Hamilton. Can kuma Sebastian Vettel ya wuce Hamilton. Na shida ke nan!

Massa ya tsallake layi, 'yan Ferrari da mahaifinsa suna ta tsalle da rungumar juna. Amma ruwan ya ƙaru, motar Glock sai santsi take yi kamar a kan sabulu. A kwanar ƙarshe ta zagayen ƙarshe Hamilton ya wuce shi, ya iso layi kusan sakan 39 bayan Massa. Maki 98 da 97. Yana ɗan shekara 23, baƙar fata na farko da ya ɗauki kofin.

To, Glock fa? Shekaru aka yi ana zaginsa, wai da gangan ya ba da hanya. Wallahi maganar nan ba ta riƙe ruwa. Abokin aikinsa Jarno Trulli shi ma bai canza taya ba, kuma lokacin da suka yi a zagayen ƙarshe kusan iri ɗaya ne. Sannan ku tuna, da Glock ya shiga canjin taya kamar kowa, da tun farko ma bai shiga gaban Hamilton ba. Cacar da ya yi ce ta ba Massa waɗannan sakan 39 ɗin.

Ku nemi bidiyon, ku kalli Massa a kan dandamali yana dukan ƙirji, idonsa cike da hawaye. Sai mun haɗu a shiri na gaba.