Haruffa Masu Ƙugiya da Matsalar Sauya Tsarin Lambobin Rubutu a Kwamfuta

Gabatarwa

Duk malamin da ya taɓa karɓar kundin ɗalibi a kwamfuta, ko ya buɗe tsohuwar maƙalarsa bayan shekara goma, ya san irin takaicin da akan ji in aka tarar da kalmar ƙasa ta koma }asa, ko Æ™asa, ko kuwa ?asa. Galibinmu mukan ɗora laifin a kan mai buga rubutu, ko mu ce inji ne ya lalace. Alhali kuwa waɗannan kamanni uku cututtuka ne daban-daban, kowace da sanadinta. Biyu daga cikinsu suna jin magani, ta ukun kuwa sai haƙuri. Manufar wannan maƙala ita ce a bayyana yadda abin yake faruwa, domin masu nazarin Hausa su san abin da za su nema daga masu tsara manhaja kafin a taɓa rubuce-rubucen da ke ajiye a sassanmu da ɗakunan karatunmu.

Harafi da lambarsa

Kwamfuta ba ta san harafi ba, lamba kaɗai ta sani. Abin da take ajiyewa jerin lambobi ne, kowace a cikin wani ɗan gurbi da ake kira bayit, wanda ke ɗaukar lamba guda daga 0 zuwa 255. Saboda haka tilas ne a yi yarjejeniya a kan wace lamba ce ke wakiltar wane harafi. Wannan yarjejeniya ita za mu riƙa kira tsarin lambobin rubutu.

Wanda ya san hisabin abajada ba zai ga baƙon abu a nan ba. Marubuta waƙoƙinmu na ƙarni na 19 sukan rufe waƙa da ramzi, watau su ɓoye shekarar da suka yi ta a cikin haruffa. To, amma lissafin Magaribawa, wanda shi malamanmu suka gada, ya saɓa da na Gabas: shin a wurinmu 1000 ne, a Gabas kuwa 300. Wanda ya warware ramzin Sakkwato da lissafin Misira zai kuskure shekarar waƙar da ƙarni bakwai, ba tare da an canza ko ɗigo guda a takardar ba. Matsalar kwamfuta ke nan a taƙaice: a rubuta da wani tsari, a karanta da wani.

Tsarin da ya zama uban sauran shi ne ASCII, wanda aka fitar a Amurka a 1963, aka ƙara masa ƙananan baƙaƙe a 1967. Gurabe 128 gare shi: A ita ce 65, a ita ce 97, k ita ce 107. Ingilishi kaɗai aka duba da aka tsara shi. Da aka ga bayit yana da sauran gurabe 128 a banza, sai kowace nahiya ta cika su da nata. ISO 8859-1 na 1987 da ɗan'uwansa Windows-1252 suka zuba haruffan Faransanci da Jamusanci da makamantansu, Windows-1256 ya zuba na Larabci. Babu ko ɗaya daga cikinsu da ya san ɓ, ɗ, ƙ ko ƴ. Gaskiya ne an yi ISO 6438 a 1983 domin harsunan Afirka, kuma akwai masu ƙugiya a cikinsa, amma don kundayen ɗakunan karatu aka yi shi, bai kuwa taɓa isa teburin mai buga rubutu a Kano ko Zinder ba.

Dabarar da muka yi, da bashin da ta bar mana

Da kwamfuta ta fara maye gurbin tafireta a shekarun 1990, sai aka nemi mafita ta cikin gida. Aka zana zubin haruffa na musamman, daga cikin sanannunsu akwai Rabiat da Abdalla na Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero. Hikimar irin waɗannan zubi ita ce a ari gurbin wata alama da Hausa ba ta cika bukata ba, a zana harafi mai ƙugiya a kansa. A wani salo da ya yaɗu, gurbin } ya zama ƙ, na { ya zama Ƙ, na ] ya zama ɗ, na [ ya zama Ɗ, na ~ ya zama ɓ. A wani salon kuma q da x da v aka ara, tun da yake ba sa cikin baƙaƙen Hausa, shi ya sa har yau ake cin karo da qoqari da waxanda da vangare.

Wannan aiki ya yi rana ƙwarai, kuma da shi aka buga littattafai da kundaye masu ɗimbin yawa. Illa iyaka dai ya kamata a fahimci abin da ya faru a cikin injin. Lambar da ke ajiye ba ta canza ba, 125 ce, watau }. Rigar da aka sa mata kawai ke nuna ta a matsayin ƙ. Ranar da aka kai fayil ɗin wata kwamfuta da ba ta da wannan zubi, sai riga ta faɗi, }asa ta fito fili. Cuta ta farko ke nan, kuma ba a rasa kome ba tukuna.

Zuwan Unicode

A 1991 aka fitar da Unicode, wanda burinsa shi ne kowane harafi na duniya ya sami lambarsa shi kaɗai, ba aro ba haya. Hausa ta sami nata tun daga fitowar farko: ƙ ita ce 409, Ƙ 408, ɓ 595, Ɓ 385, ɗ 599, Ɗ 394, ƴ 436, Ƴ 435. Mai karatu zai lura ɓ da ɗ sun yi nisa da manyansu. Dalili shi ne an ajiye su a rukunin alamomin ilmin furuci, manyan kuwa a wani rukuni na daban. Maƙwabciyar ɗ ta kusa, watau 598, ita ce ɖ ta harshen Ewe na Gana, mai wutsiya a ƙasa, kuma na sha ganin ɗalibai sun ɗauko ta a madadin tamu.

Tun da yake 409 ta fi ƙarfin bayit guda, sai an sami hanyar kasa ta. Hanyar da ta rinjayi sauran ita ce UTF-8, wadda Ken Thompson da Rob Pike suka tsara a 1992, kuma da ita ake rubuta mafi yawan shafukan intanet a yau. A cikinta haruffan ASCII suna nan da bayit ɗaya ɗaya yadda suke, masu ƙugiya kuwa bayit biyu biyu suke ci. Alal misali ƙ takan zama 198 da 153, ɗ kuma 201 da 151.

To, a ce wata manhaja ta karɓi wannan fayil, ba a gaya mata tsarinsa ba, ta ɗauka Windows-1252 ne. Za ta karanta kowane bayit shi kaɗai: 198 a wurinta Æ ce, 153 kuma ™. Ga asalin Æ™asa. Haka ɗaya takan koma É—aya, ɓera kuma É“era. Wannan ita ce cuta ta biyu, kuma Japanawa, waɗanda suka riga mu shan wahalarta, suna kiranta mojibake. Muddin ba a sake adana fayil ɗin ba, lambobin suna nan lafiya, maganin kawai shi ne a sake buɗe shi da tsarin da ya dace. In kuwa aka adana shi a haka, aka kuma maimaita kuskuren, sai harafi ɗaya ya haifi biyar, ƙ ta zama Ã†â„¢. Ko wannan ma akan iya warware shi, a bi sawun kuskuren da baya da baya, kamar mai kwance tufka.

Sai dai akwai wani tarko da ya shafe mu musamman. Babbar Ɓ a UTF-8 ita ce 198 da 129, ita kuwa 129 tana cikin gurabe biyar da Windows-1252 ya bari babu kome. Wasu manhajoji in suka iso nan sukan jefar da bayit ɗin, ko su musanya shi da wata alama. Ta haka za a iya farfaɗo da kowace ƙ da ɗ a littafi, a tarar da Ɓ ta tafi ba dawowa.

Cutar da ba ta da magani

Ta uku takan auku ne in aka umarci manhaja ta sauya rubutu daga Unicode zuwa tsohon tsarin da ba shi da gurbin haruffanmu. Da ta iso ƙ, ta duba ba ta ga inda za ta sa ta ba, sai ta rubuta 63, watau alamar tambaya. Haka za ta yi wa ɗ da ɓ. A nan lambar asali ta shafe ƙurmus. In an ga fa?a, mai jin Hausa zai iya cewa faɗa ce, amma ?ari fa, ɗari ne, ko ƙari, ko ɓari? Sai an koma ga jimla, wani lokaci ma jimlar ba ta raba gardama.

Akwai abin da ya fi wannan muni a ganina, domin shi ba ya barin ko tabo. Wasu masu tsara rumbun bayanai, don gudun fitina, sukan sa a share ƙugiyar gaba ɗaya, ƙ ta koma k, ɗ ta koma d. Rubutu ya fito tsaf, ba wanda zai yi zargin kome. Amma ƙafa ta zama kafa, baƙi ya zama baki, gaɗa ta zama gada, faɗa ta zama fada. Ga mai karanta labari wannan ƙaramin abu ne, zai cike gurbin da kansa. Ga mai harhaɗa ƙamus ko mai ƙidayar kalmomi kuwa, an gurɓata masa rijiya tun daga tushe. Ba ko da yaushe ganganci ne ke jawo haka ba. Gajeren saƙon wayar hannu yana ɗaukar haruffa 160, amma da zarar ƙ guda ta shiga sai a koma wani tsari mai ɗaukar 70 kacal, watau mai kiyaye ƙa'idar rubutu shi ke biyan kuɗi ninki.

Sauya tsofaffin kundaye

Ka'idar sauyawa ɗaya ce ko'ina: a fassara lambobin asali zuwa Unicode bisa tsarin da aka rubuta su da shi, sa'an nan a fitar da su a tsarin da ake so. Mataki na farkon shi ne mai wuya, domin fayil na zallar rubutu ba ya ɗauke da shaidar tsarinsa, manhaja kintace kawai take yi. Ga tsare-tsaren da hukumomi suka amince da su akwai kayan aiki irin su iconv. Zubin haruffanmu na gida kuwa iconv bai san da zamansu ba, sai an rubuta jadawali na musamman, kamar yadda ake yi da TECkit na ƙungiyar SIL.

Jadawalin kansa ba ya wuce layi shida ko takwas, kuma sauƙin nan nasa shi ke yaudarar mutane. Wani ɗalibina na digiri na biyu ya kai kundinsa wani shagon buga rubutu a gyara masa, aka ba inji umarni ya mai da kowace v ta zama ɓ, kowace x ta zama ɗ. Hausar ta gyaru sarai. Da muka isa manazarta sai ga Uniɓersity da Oɗford a kowane shafi. Da a ce da ɗaya salon aka buga kundin, da ɓarnar ta fi haka, domin kundin ilmin furuci ne, cike da baka mai kusurwa, kuma [b] za ta koma Ɗbɗ.

Abin lura a nan shi ne, a ainihin fayil ɗin akwai abin da ke rarrabe v ta Ingilishi da v mai wakiltar ɓ, watau sunan zubin da aka sa wa kowace. Ashe ke nan sunan zubi wani ɓangare ne na tsarin lambobin. Wanda ya fara mai da fayil zallar rubutu, ko ya shafa masa zubi guda daga farko har ƙarshe don ya yi kyau, ya kona shaidar da hannunsa. Tilas a yi sauyin tun fayil yana da rigunansa, a taɓa wuraren da ke cikin zubin Hausa kaɗai. Inda kuwa mai bugawa ya yi kome da kome da zubi ɗaya, babu makawa sai mai jin harsunan biyu ya bi shi layi-layi. Kuma kada a taɓa yin aikin a kan fayil na asali, a kwafe shi a ajiye a gefe.

Bayan an shiga Unicode

Kada a zaci an huta da an iso nan. Ɗauki kalmar 'ya'ya. Alamar da ke gaban y tana iya zama 39, ta kan allon bugawa, ko 8217, ko 700, wadda Unicode ke lissafawa a matsayin harafi sosai. Har wa yau Microsoft Word yakan juya ta zuwa 8216 a farkon kalma, yana zaton zancen wani za a buɗe. A ƙetaren iyaka kuma, a Jamhuriyar Nijar, ƴaƴa ake rubutawa. A ido kusan abu guda ne, a wurin inji kuwa kalmomi ne mabambanta, kuma mai neman 'yan a tarin rubutu zai sami kaso ɗaya ya rasa sauran bai sani ba.

Masu sa karin sauti da tsawon wasali su ma suna da tasu. Ana iya rubuta à da lamba guda, 224, ko da biyu, 97 da 768. Unicode ya tanadi ƙa'idojin daidaitawa, NFC mai haɗewa da NFD mai rarrabawa, kuma wajibi ne a zaɓi ɗaya a bi da dukkan rubutun kafin a fara ƙidaya. Amma r̃ da ā̀ ba su da lamba guda ko kaɗan, kullum a harhaɗe suke, don haka manhajar da ke yanka kalma lamba-lamba tana iya raba harafi da alamarsa. Haka kuma in aka bar inji ya jera kalmomin ƙamus bisa lambobinsu, ɓ da ɗ da ƙ za su faɗa can bayan z, wadda take 122, sai an gaya masa ya bi jerin Hausa da ke cikin taskar CLDR ta Unicode.

Ajami kuwa ya fi boko jinkirin samun gurbi. Ɗigon imala na ƙarƙashin baƙi, wanda muke nuna wasalin e da shi, sai a 2005 ya shiga Unicode, fa da ƙaf da nun na rubutun Warshu kuma sai a 2016. Duk ajamin da aka buga a kwamfuta kafin waɗannan shekaru, in ya nuna waɗannan siffofi, to da aro aka yi shi, kuma wanda zai sauya shi sai ya fara gano abin da aka ara, daga ina, a kuma wane zubi.